Yadda Mai Koko Ta Dafa Burkutu a Kamaru

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. Mutum zai zo sayen koko, a zuba masa, sai ya riƙe kofi ya ƙi tafiya, wai, "Maman Ishaya, da gaske ne a Kamaru kika koma mai giya?" Matan zumuntar cocinmu sun tare ni bayan sujada, maƙwabciyata Hajiya Binta kuwa ta kan katanga take leƙo ni. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi ina juya ƙosai har yana ƙonewa, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, kowa ya karanta ya bar ni in yi sana'ata.

Sunana Rifkatu. A wani ƙauye kusa da Ƙarfi aka haife ni, amma a Malumfashi na yi aure, nan kuma nake sayar da koko da ƙosai tun ɗana na fari yana goye. Autanmu Ayuba direban babbar mota ne, yana ɗaukar masara daga Dandume da Bakori zuwa Mubi. Ni na rene shi bayan rasuwar mahaifiyarmu, saboda haka duk abin da ya jawo a kaina yake sauka. A Mubi ya ga wata yarinya mai sayar da abinci, sunanta Marta, 'yar wani ƙauye kan duwatsu a tsallaken iyaka. Suka so juna sosai. Da magana ta kai gaban manya sai aka faɗa masa ƙa'idar gidansu: kafin su ba da 'ya, uwar ango za ta zo da dawar garinsu, ta dafa burkutu da hannunta, dattawa su zauna su sha. Ƙwarya za ta zaga har ta kai hannun uban yarinya. In ya sha, an ba da. In ya ajiye ta ƙasa, sai baɗi, in ma ba a ba wani kafin nan ba. Uban Marta kuwa dama ba ya son 'yarsa ta yi nisa, Ayuba ya ce ko gaisuwarsa da ƙyar yake amsawa.

Ayuba ya zo ya durƙusa a bakin murhuna ya ce, "Yaya, ke ce uwata. Ba ni da wata."

Na ce, "Duk 'yan matan da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi ba su ishe ka ba, sai wadda za a dafa wa giya? Ni da ko ɗanɗana ta ban taɓa yi ba?"

Gaskiya na faɗa. Kakarmu ta yi burkutu a ƙauye, amma tun ina ƙarama babanmu ya fasa tukwanen, abin da na riƙe kawai shi ne ƙamshin tsakar gidan. Na yi masa faɗa son raina, ya sunkuyar da kai yana saurare, don ya san in na gama faɗa zan yi.

Da zancen ya kai kunnen Kawu Dauda, ƙanen mahaifiyarmu, sai ga shi da jakarsa tun ba a gayyace shi ba. Ya bugi ƙirji ya ce kada in damu, shi ya san burkutu ciki da waje. Abu ɗaya dai ya koya mini daidai, shi ne yin tsiro. Na jiƙa jar dawa daga gonarmu ta Ƙarfi, na shimfiɗa ta a inuwa, na rufe da jiƙaƙƙen buhu ina yayyafa ruwa safe da yamma har ta fito da fararen ƙafafu, sannan na shanya. Hajiya Binta ta leƙo ta ga tabarmi cike, ta ce, "Ikon Allah! Wannan tsiron duk na kunun zaƙi ne? Gari za ki shayar?" Na gaya mata gaskiya. Ta ce a'uzubillahi, ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce, "Allah dai ya ba yaron nan matarsa. Sauran zancen ban ji ba." Ran tafiya ta aiko mini da dambun nama.

A motar Ayuba muka tafi, mu uku a gaba. Kawu ya kama wajen taga ya ce shi babba ne, ni kuwa aka matse ni a tsakiya da buhun tsiro ƙarƙashin ƙafafuna, gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata. Daga Funtuwa na fara yi masa tambaya. A Zariya ya ce sau ɗaya ake dafawa. A Saminaka ya ce a'a, ya tuna, sau biyu ne. Da muka hau Jos sanyi ya kama shi, ya nannaɗe kai da rawani har kunne. Sai a Bauci, da na matsa masa muna cin masa a bakin tasha, ya share baki ya ce, "To, Rifkatu, gaskiyar magana ni kullum sai an sauke nake zuwa." Da ba don mutane ba, da na kifa masa miyar a ka.

A Gombe muka sauka gidan wani abokin Ayuba, direba shi ma. Matarsa ta karɓe mu kamar ta san mu, ta ba ni ɗakin 'ya'yanta. Da safe na fito na tarar kajinta sun huda buhuna suna biki. Na bi su da tsintsiya ina zagi, ita tana ba ni haƙuri tana dariya, ta ɗauko basilla ta ɗinke. Bayan Numan taya ta fashe, muka zauna ƙarƙashin wata tsamiya muna shan nonon wasu Fulani, Ayuba yana fama da jak yana gumi. Duk hanyar nan in na dube shi sai in ga bakinsa yana motsi shi kaɗai, ban sani ba ko addu'a yake ko haddar gaisuwar surukai.

A Mubi aka sauke masara, Marta ta zo tarbar mu. Doguwa ce siririya, in za ta yi dariya sai ta rufe baki da bayan hannu. Ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Yaya, ka zo lafiya?" Na waiga in ga wane namiji ne a bayana. Haka Hausarsu take a can, ba ruwansu da mace ko namiji. Na so in ƙi ta saboda wahalar da na sha a hanya, amma kafin mu gama cin abincin da ta kawo ta riga ta shiga raina.

Daga nan sai babur. A iyaka, ma'aikacin wajenmu ya kwance buhu ya ɗebo, ya duba, ya ce cikin tausayi, "Hajiya, an cuce ki. Dawar nan ai ta lalace, duk ta tsiro." Na ce masa haka nake son ta. Ya dube ni kamar mai taɓin hankali ya ce mu wuce. Na tsallaken kuwa, da Faransanci yake magana, shinshinawa ɗaya ya yi ya ɗaga murya ya ce, "Bilbil!" Sunan burkutu ke nan a wajensu. Abokan aikinsa suka taso suna murna. Ya tambayi Marta wa zai dafa, ta nuna ni. Ya dube ni sama da ƙasa, da ɗankwalin zumunta a kaina, ya girgiza kai ya buga mana hatimi.

Ni da Marta babur ɗaya muka hau, tana bayana. Ta sa baki a kunnena ta ce, "Yaya, da mun shiga gari an hana kowa a gidanmu ya taɓa tukunyarka ko ya gaya maka komai. Bari in faɗa yanzu." Hanyar kuwa duwatsu ce zalla, babur yana ihu yana tsalle, ni ina riƙe da rigar mai babur ina kiran sunan Yesu. Abin da na ji shi ne: a niƙa tsiro, a dama da ruwan sanyi, a bari ya kwanta, a tsiyaye ruwan da ya taru a sama, a dafa na ƙasa. Ta ci gaba da magana amma iska ta tafi da sauran. Ban ma damu in sake tambaya ba, don na ce a raina ashe aikina ne na kullum, haka nake yi wa gasarar koko.

Ƙauyen nasu komai da dutse ne, katanga dutse, wurin zama dutse. Ƙofar ɗakin da aka sauke ni gajeriya ce, duk shiga sai na buga goshi, gadon kuma katako ne shimfiɗe ba katifa. Gaisuwarsu da tafi ake yi a hankali, ana ɗan rusunawa. Kawu ya ɗauka waƙa za a fara, ya shiga tafi da ƙarfi shi kaɗai. Da safe sukan kawo wani burodi dogo kamar muciya, mai tauri a baya, da rana kuma tuwon jar dawa da miyar yakuwa da gyaɗa. Miyar tana da daɗi, sai dai ba daddawa, ni kuwa miya ba daddawa sai in ji kamar ba a gama ta ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda giya take a wurinsu. Mu in za a yi gayyar noma, kunu ko fura ake kai wa gona. Su giya ake kaiwa. Suna, jana'iza, sulhu tsakanin masu faɗa, duk sai da ita, kuma ba a ɓoye ba, tsohuwa ta fito daga coci ta zauna ta sha ƙwaryarta ta tafi gida. Har maza suna dafa ta bukukuwa. Da Kawu ya ji haka ya ce to ai shi ke nan, shi zai tsaya a kan tamu. Aka ce masa a'a, uwar ango aka ce.

Aka mai da Marta gidan gwaggonta. Ayuba aikinsa ɗebo ruwa da faskare kawai. Aka nuna mini murhu a gefen tsakar gida da manyan tukwane na ƙasa, kowace za ta ɗauke yaro a tsaye. Muka kai tsiro injin niƙa, ana dab da gamawa man injin ya ƙare, muka dawo da ɗan saura a gindin buhu ba a niƙa ba. Na jefa shi ɗaki na ce wannan na kaji ne.

Ran da na fara, matan unguwa suka jeru kan katanga kamar masu kallon dambe. Ban ji tsoro ba, na ma ɗaure zane da kyau don su ga aikin 'yar Katsina. Na dama gari da ruwa, na bar shi ya kwanta har ruwan da ke samansa ya yi garau. Na karkata tukunya na tsiyaye shi tsaf a babbar roba, ko ɗigon gari bai biyo ba. Sannan na ɗauki robar na je gindin katanga na sheƙar, kamar yadda nake yi kowace safiya ta Allah a gida. Wata baƙar akuya ta rugo ta hau sha.

Matan kan katanga suka dubi juna. Wata mata ta ɗora hannu biyu a ka. Ni kuwa na ɗauka tsabtar aikina ce ta burge su, har na ƙara gyara ɗaurin zane.

Na ɗora na ƙasan a wuta ina juyawa. Ya yi kauri kamar talge, na ce madalla. Ya ƙara kauri har muciya tana tsayawa da kanta. Na sauke na bar shi ya huce, ina jiran ya saki ya zama ruwa, ya ƙi. Na lakata na kai baki, ba zaƙi ba komai, tuwo ne kawai wanda bai ji tuƙi ba. Na ce wataƙila sai ya kwana. Da gari ya waye na tarar da shi yadda na bar shi, har ya yi ɓawo a sama.

Kawu ya ja mu gefe ya rage murya. Ya ce ya bincika, akwai kasuwa a ƙauyen gaba, a sayo tulu biyu na mai kyau a juye a tukunyarmu, wa zai sani? Ayuba kuwa idonsa ya yi ja, yana ta murza hularsa. Na ce, "Kawu, mutanen da suka ga akuya ta sha ruwa za su kasa ganin tulu biyu? Kuma in auren ya ɗauru a kan ƙarya, da wane ido zan dubi yarinyar nan a gidana?" Ƙarfin hali ne kawai na yi. Na zaga bayan rumbu na zauna a kan dutse na yi kuka sosai. Tausayin Ayuba ne ya kama ni. Yaro bai taɓa roƙona wani babban abu ba sai wannan, na taso tun daga Malumfashi na zo na zubar masa da shi a gindin katanga.

Ina nan zaune sai na ji ana jan akuya tana turjewa. Kakar Marta ce, wata 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa mai lofe a baki, wadda tun zuwanmu ba ta ce mini uffan ba. Ta ɗaure baƙar akuyar nan a jikin rumbu, ta ba ni baya, ta fara yi mata faɗa da Hausa tsantsa. Ashe ta yi shekaru tana kai kaya kasuwar Mubi.

"Shashasha! Kin shanye ruwan mutane kin ƙoshi. Ba ki san ƙarfin tsiro duk a ruwan nan yake ba? Shi ke narkar da dafaffen ya koma zaƙi. Wuta kashe shi take yi, shi ya sa ake ɗebe shi a ajiye gefe. In an dafa na ƙasa, a jira ya huce har hannu ya iya shiga ya ɗan daure, sannan a mayar masa da ruwansa. Yanzu da kika shanye, sai dai in akwai sauran ɗanyen tsiro a wani wuri. Ni ina ruwana, akuya nake wa magana."

Ta ƙara wa akuya ranƙwashi ta tafi. Wannan ai kunun zaƙi ne! Sau nawa na dama gasara da tafasasshen ruwa, na jira ta huce, na zuba ɗanyen tsiro ta tsinke ta yi zaƙi? Abin yana hannuna tun ina budurwa, amma da na ji an ce a tsiyaye sai hannun koko ya riga kaina.

Na ruga ɗaki na ɗauko gindin buhun nan. Inji ba mai, sai dutsen niƙa, wanda rabona da shi tun ina gidanmu. Na durƙusa na niƙa har tafin hannuna ya yi bororo. Na sassauta tuwon jiya da ruwa, na mai da shi wuta kaɗan ina sa hannu ina ji, da ya kai zafin da tsohuwa ta faɗa na janye itace na zuba sabon garin na juya. Ban daɗe ina juyawa ba na ji muciya ta fara tafiya da sauƙi. Abin da ya ƙi motsi tun jiya ya saki ya zama ruwa. Na kai baki na ji zaƙi. Na yi guɗa ban sani ba, matan katanga suka amsa.

Aka bar shi ya kwana ya ɗan yi tsami, da safe na tace a kwando da aka shimfiɗa wa ciyawa, dusa ta tsaya ruwa ya wuce. Saura babbar dahuwa, wadda ita ce dahuwar gaske. Da na fito sai na tarar an ɗaure akuya dab da murhu, tsohuwa tana zaune kusa da ita tana tsinkar yakuwa.

Na cika tukunya har baki. Tsohuwa ta ce wa akuya, "Haɗama! Kullum sai kin cika ciki har wuya, in ya taso ina zai je?" Na rage. Na ɗauko murfi zan rufe don ta yi saurin tafasa, kamar yadda kowace macen kirki take yi. "Wa ya ce ki rufe baki? Bar tururi ya fita, in ya koma ciki wari zai yi." Na ajiye murfi. Na tura ƙirare na hura wuta ta tashi sama. "Ke komai da garaje! Dogon icce ake sawa, ana tura shi kaɗan-kaɗan. A bar abu ya yi ta juyawa a hankali, ba ya mutu ba, ba ya yi hauka ba." Akuyar nan ta sha zagi da harshen da ba ta taɓa ji ba, tana tuƙa abinta tana kallon mu.

Da ta fara tafasa sai kumfa mai datti ta taru a sama, na riƙa kwashewa da 'yar ƙwarya ina zubarwa, kuma wannan karon sai da na saci kallon tsohuwa kafin in zubar. Sau ɗaya na juya baya in sha ruwa, tukunya ta yunƙuro za ta yi ambaliya, Kawu ya yi ihu ya fara fifita da hula. Na zare icce biyu na yayyafa ruwan sanyi a fuskarta ta kwanta, wannan ko mai dafa madara ta sani. Tun hantsi nake tsaye har rana ta karkata, hayaƙi ya cika mini ido, bayana kamar zai ɓalle. Ruwan da ya fara fari-fari ya koma ja, ya sauka kamar taƙi guda daga inda ya fara, ƙamshin tsakar gidan kakarmu ya tashi. Tsohuwa ta tambayi akuya ko ta taɓa ɗiga abu tsakanin yatsu biyu ta ji yana kamawa kamar ruwan rake. Na ɗiga, ya kama, na sauke.

Na rarraba shi a tukwane masu faɗin baki don ya huce da wuri. Wata maƙwabciya ta kawo abin da ke tayar da giya, wato gindin tsohuwar giya da suke ajiyewa, shi kam ƙa'ida ta yarda a karɓa daga waje. Kawu ya karɓe zai juye nan take tun tururi na tashi. Tsohuwa ko kallon akuya ba ta yi ba wannan karon, ta ce, "Akwai wani tsohon bunsuru mai gaggawa, in ya zuba da zafi ya kashe ta, shi zai auri yarinyar?" Kawu ya miƙo mini ƙwaryar ya tafi duba lafiyar Ayuba. Sai da ya yi sanyi kamar ruwan randa na zuba na rufe da faifai. Washegari na kara kunne na ji tukunya tana 'yar tsuwa, kumfa fara tana tasowa tana fashewa.

Duk kwanakin nan uban Marta yakan wuce da fartanya a kafaɗa, ya fita ya dawo, bai taɓa juyo da kai wajen murhu ba.

Ranar sha, dattawa suka zauna kan duwatsu ƙarƙashin wata bishiya a ƙofar gida. Aka kawo Marta ta tsaya bayan mata. Ayuba ya sa sabuwar shadda, yana zufa kamar wanda ya yi dako. Sai a nan aka gaya mini wai mai dahuwa ita ke fara sha. Kawu ya yi wuf ya ce zai wakilce ni, aka ce ya zauna. Na dubi Ayuba, na rufe ido na kurɓa. Tsami da ɗaci da zaƙi suka haɗu suka hau mini hanci, na yi tari har da hawaye, wurin ya fashe da dariya. Masu tambaya ko na sha, to kun ji, kurɓa ɗaya ce, kuma ban ga abin da Kawu ya gani a cikinta ba.

Babban dattijo ya karɓa ya sha, ya juya ta a baki, ya faɗi wata magana da yarensu aka yi dariya. Wata mata ta raɗa mini wai ya ce giyar ba ta da ƙarfi, ta masu jego ce, amma ba ta ƙone ba kuma ba ta yi wari ba. Ya miƙa wa na kusa da shi. Haka ƙwaryar ta riƙa tafiya ana cikawa, har ta isa hannun uban Marta.

Ya riƙe ta da hannu biyu yana kallon cikinta. Dariya ta ɗauke. Na ga hannunsa ya yi ƙasa har gindin ƙwaryar ya kusa taɓa dutse, na ji Marta ta ja numfashi a bayana. Sai ya ɗago ya dube ni, karo na farko tun zuwanmu, ya yi magana da Hausa, ashe yana ji.

"Malumfashi da nisa?"

Na ce, "Da nisa, Baba."

"Ba ta san abincinku ba. Ba ta san yadda kuke yin komai ba. In ta ɓata, wa zai gaya mata?"

"Ni, Baba."

"Da faɗa? Na ji muryarki kan kawun nan naku."

Na so in ce a'a, amma mutumin ya ji da kunnensa. Na ce, "Baba, ina da faɗa, duk Malumfashi an sani, ba zan ɓoye maka ba. Wata rana zan yi mata. Amma na tsaya gaban tukunya a garin da ban san kowa ba, na ji yadda abin yake. Muddin ina da rai 'yarka ba za ta tsaya ita kaɗai ba."

Sannan ya kafa kai ya sha, bai ɗago ba sai da ya shanye tas, ya kife ƙwaryar a gwiwarsa. Mata suka ɓarke da guɗa, Ayuba ya zube ƙasa yana godiya da Hausa da abin da ya haddace na yarensu duk a haɗe, Kawu yana tambaya ko da saura a tukunya.

Uban Marta bai tsaya karɓar gaisuwa ba. Ya tashi ya ratsa mutane ya zo inda 'yarsa take, ya kama hannunta ya sa a cikin nawa mai bororo, ya matse su tare har na ji zafi. Ya sake mu, ya ɗauki fartanyarsa ya nufi gona da rana tsaka, yana share fuska da gefen riga, ba wanda ya kira shi.